Na cire ciyawar ƙofar gida na shuka kuɓewa, yanzu an aiko min takarda

Maman Khalil (Houston):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka daɗe a ƙasar nan. Gidanmu yana wata unguwa a gefen Houston, irin unguwannin nan da gidajen duk kamarsu ɗaya, kowanne da shimfiɗar ciyawa daga bakin titi har bakin ƙofa. Bayan gidanmu inuwa ce tsantsa saboda itatuwan maƙwabta, ko barkono ba ya yi. Gaban kuwa rana ce tun hantsi har la'asar sakaliya. Bana na ce wa Baban Khalil na gaji da shayar da ciyawar da ko akuyar da za ta ci ba mu da ita. Muka yaye wani sashe, muka kafa akwatunan katako, muka zuba ƙasa da taki. Na sa kuɓewa, yakuwa, alayyahu, attaruhu da yalo. Kuɓewar ta kai min kafaɗa, kullum da safe sai na tsinka.

Shekaranjiya takarda ta zo daga HOA, ƙungiyar masu gidajen unguwa. Wai na saɓa ƙa'ida, in mayar da ciyawa ko a fara cin mu tara. Gidan nan namu ne fa, ba haya muke ba. Ina mafita?

Baba Alhaji (Columbus):
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ki tuge. Na fi shekara talatin a Amurka, ban taɓa ganin baƙon da ya ja da maƙwabtansa a kan ƙofar gida ya ji daɗin zama ba. Mutanen nan gidan shi ne dukiyarsu, shi ne fanshonsu, kuma sun yi imani cewa in gaban gida ɗaya ya fita daban, farashin na kusa da shi zai faɗi. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba, haka suka ɗauka. Ke kuma ga hijabi, ga suna, ido yana kanki tun kafin ki shuka komai. Kuɓewa nawa take a shago? Ranar da kuka sayi gidan kun sa hannu a kan dokokinsu, alƙawari kuwa kaya ne.

Ummi Bronx:
Baba, da girmanka, amma in muka bi wannan ai ko tuwo ba za mu tuƙa ba don kada ƙamshin daddawa ya dami maƙwabci. Mu da ke hawa na shida, tukunyar na'ana'a a taga ita ce gonarmu, muna jin ku kawai.

Barista Hauwa (Orlando):
Maman Khalil, kada ki tuge yau, kada kuma ki jefa takardar a shara. Bari in rarrabe miki abu biyu da mutane ke cakuɗawa, don a nan ake faɗawa rami.

Akwai dokar gari, akwai kuma yarjejeniyar HOA. Labaran da ake yawo da su na mutanen da suka yi nasara, yawancinsu da hukumar gari suka kara. A nan Florida, a wani ƙaramin gari mai suna Miami Shores, Hermine Ricketts da mijinta Tom Carroll sun shekara 17 suna noman kayan miya a gaban gidansu, saboda dalili irin naki, can ne rana take. A 2013 garin ya gyara dokarsa ya hana, aka ce za a ci su tarar dala 50 kowace rana. Suka tuge, suka je kotu da taimakon lauyoyin Institute for Justice. Kotun farko ta kayar da su, kotun ɗaukaka ƙara ma haka. Sai a 2019 majalisar jihar ta yi doka ta hana ƙananan hukumomi tsoma baki a lambun kayan miya na gida, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli. Shekara shida kenan. Illinois ma ta yi irin wannan doka a 2021. Kafin su akwai Julie Bass a Oak Park ta jihar Michigan, wadda a 2011 aka yi wa barazanar kwana 93 a gidan yari saboda akwatunan kayan lambu a gaban gida, sai da labarin ya cika kafafen yaɗa labarai aka janye ƙarar.

To amma ko dokar Florida ɗin ba ta taɓa HOA ba. HOA ba gwamnati ba ce, yarjejeniya ce da ke manne da takardun filin, duk wanda ya sayi gidan ya gaje ta. A Houston ma abin ya fi ƙarfi, don birnin ba shi da dokar rarraba unguwanni irin ta sauran manyan birane, waɗannan sharuɗɗan na takardun fili su ne ke riƙe da unguwa. Don haka nan Baba yana da gaskiya.

Inda ba na tare da shi: sa hannu ba ya nufin duk abin da suka rubuto daidai ne. Ɗauko kundin da aka ba ku ranar sayen gida, ki nemo sakin layin da suka ce kin saɓa. Sau da yawa za ki tarar babu maganar kayan lambu ko kaɗan, abin da aka rubuta shi ne sai an nemi izinin kwamiti kafin a canza fasalin gaban gida. In haka ne laifinki rashin neman izini ne, wannan kuwa yana gyaruwa. Dokar kadarori ta Texas ta ba ki damar neman a zauna a saurare ki cikin kwana 30 daga ranar da aka aiko sanarwar, ki nema a rubuce. Ta kuma hana HOA haramta tara takin gida, ko gangar tarar ruwan sama, ko shuke-shuke masu jure fari, kodayake suna iya cewa ki kawo zane su duba. Kuɓewa ba ta shiga ƙarƙashin wannan kai tsaye ba, kada ki dogara da shi kaɗai. Kuma ni ba lauyar Texas ba ce, in abin ya yi tsami ki nemi na can.

Maman Khalil (Houston):
Allah ya saka da alheri Barista. Baban Khalil tsoronsa kada su ƙwace gidan, ya ji ana cewa suna iya yi.

Barista Hauwa (Orlando):
Suna iya bin gida a kan kuɗin wata-wata ko na shekara da aka ƙi biya. Amma a Texas ba a sayar da gidan mutum a kan bashin da tara ce zalla. Ku ci gaba da biyan kuɗin ƙungiya a kan lokaci, kada ku ce za ku riƙe don fushi.

Malam Nasiru (Kano):
Ni dai ina karantawa ina riƙe baki. Mutum da gidansa, da guminsa, a ce sai ya shuka ciyawa? Ciyawar da muke biyan yara su nome? Wai me ciyawar take tsinana musu ne?

Injiniya Bashir (Las Vegas):
Malam Nasiru, asalinta alfahari ne. A Ingila da Faransa masu sarauta ne ke barin fili a gaban gida ba noma ba kiwo, don a san suna da ƙasar da ba sa buƙatar ta ciyar da su, da barorin da za su riƙa yanke ta da lauje. Da Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa a Ingila a 1830, sai mai matsakaicin hali ma ya samu shiga. A Amurka abin ya zama ruwan dare bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da aka fara gina unguwanni irin Levittown a 1947, gidaje dubbai iri ɗaya, kuma cikin sharuɗɗan zama har da yanke ciyawa sau ɗaya a mako in lokacinta ya yi. Abin dariyar, 'yan shekaru kaɗan kafin nan gwamnati ce da kanta ke roƙon mutane su noma abinci a gida saboda yaƙi. Lambuna wajen miliyan 20 aka yi, kuma an ƙiyasta sun ba da kusan kashi 40 cikin ɗari na kayan lambun da aka ci a ƙasar. Har a Fadar White House an yi a 1943, Michelle Obama ta sake yi a 2009.

Yau kuwa, wani bincike da Cristina Milesi ta jagoranta da hotunan tauraron ɗan'adam a 2005 ya ƙiyasta ciyawar ado a Amurka ta rufe kimanin eka miliyan 40, ta ninka masarar da ake yi wa ban ruwa wajen sau uku. Wato babban abin da ake shayarwa a ƙasar nan ba a cin sa. Mu nan Las Vegas ruwan saman shekara wajen inci 4 ne kawai, tafkin Mead da muke sha yana ta ja baya, shi ya sa hukumar ruwa ke biyan mutum kuɗi ya cire ciyawarsa, kuma a 2021 jihar Nevada ta yi dokar cire ciyawar da ba a amfani da ita a gaban ofisoshi da tsakiyar tituna.

Amma Maman Khalil, kada ki je gaban kwamiti da hujjar ruwa. Na ɗaya, Houston na samun ruwa wajen inci 50 a shekara, ya fi na Kano nesa ba kusa ba. Na biyu, kayan miya ma mashaya ruwa ne. Alayyahu da yalo a watan Agusta ba su fi ciyawa kawaici ba, sai in kin sa tiyo mai ɗigo a gindinsu kin rufe ƙasar da ɓawon itace. In wani a kwamitin ya san wannan zai kayar da ke a tsaye.

Malam Nasiru (Kano):
To Injiniya, na yi musu dariya, amma da na leƙa tsakar gidana sai dariyar ta tsaya. Mu namu intalok ne. Je ka sababbin unguwanni a Kano ko Kaduna ko Abuja, mutum zai sayi fili, ya gina, ragowar ya shafe shi da intalok daga bango zuwa bango, ko bishiyar darbejiya ba zai bari ba, wai ganye na ɓata wuri. Watan Afrilu gidan ya riƙa huci har tsakar dare, damina kuma ruwa ya rasa inda zai nutse ya fita titi. Sannan ya zo yana kukan tsadar tumatir. A gidan kakata a ƙauye bayan ɗaki akwai rama, akwai kabewa tana hawa danga, zogale kuwa shi ne shingen. Babu wanda ya kira shi lambu, gida ne kawai. Mu ba wata ƙungiya da ta hana mu, mu muka hana kanmu don kada a ce gidan bai waye ba.

Hajiya Turai (Abuja):
Malam Nasiru ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, amma ka rage wani abu. Estet-estet na Abuja ma sun fara irin wannan, wasu ko kalar fentin katanga sai sun amince. Kuma masu intalok ba duka ne 'yan burga ba, wasu tsoron maciji da sauro ne, wasu kuma ruwan da za su sha ma saye suke daga 'yan garuwa, ina na ban ruwa? Ni a buhu nake yi. Buhun shinkafa da ya ƙare, ƙasa da takin tumaki, a huda gindinsa, a jera jikin katanga. Ruwan wankin shinkafa da na alwala ya ishe su. Gwamnati kam tun Operation Feed the Nation na 1976 take kiran a yi noman gida, ko a 2024 uwargidan shugaban ƙasa ta sa gasar lambu a kowane gida. Kira ba ya kawo ruwa a famfo.

Ummi Bronx:
Kakana har ya rasu yana ba da labarin shirin noma na Operation Feed Yourself na zamanin mulkin soja na Acheampong a Ghana, wai a zongo ko gwangwanin madara sai an shuka wani abu a ciki.

Anti Nas (Chicago):
Ku bar dokar tukuna, ni tambayata ɗaya ce. Maman Khalil, wace shekara aka gina gidan, kuma kin gwada ƙasar?

Dalilina dalma. A Amurka sai 1978 aka hana fentin gida mai dalma, fetur mai dalma kuma sai 1996 aka gama hana shi a motoci. Dalma ba ta ruɓewa, tana nan kwance a ƙasar da ke jikin bangon tsohon gida da ta bakin babban titi, gaban gida kuwa shi ne ya haɗa biyun. Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Wancan na dutsen zinariya ne, ya fi wannan muni ƙwarai, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara take fi kamawa. Haɗarin ma ba cikin kuɓewar ya fi yawa ba, a ƙurar ƙasar yake: wadda ke maƙale a ganyen alayyahu, da wadda yaro zai kwasa da hannu ya kai baki.

Tunda a akwati kika shuka da ƙasar saye, kin riga kin rage matsalar. Ki tabbatar akwai shimfiɗa a ƙarƙashi, ki rufe hanyoyin da ke tsakani, ki wanke ganye sosai. Gwaji kuma ba tsada, jami'ar Texas A&M na da ɗakin gwajin ƙasa, ofishin malaman gona na gundumarku zai nuna miki yadda ake aikawa. Sai dai ki tambaya ko suna duba dalma, gwajin yau da kullum na taki ne kawai.

Wani abu kuma da ba a so a faɗa: karnuka. Duk yamma ana yawo da su a gefen titi, kuma duk abin da ya tsaya a bakin hanya sai sun ɗaga masa ƙafa. Ki ja akwatunan baya daga inda ake wucewa, ganyen miya ya zama shi ne mafi kusa da gida.

Maman Khalil (Houston):
Anti, gidan na bayan 2000 ne, alhamdu lillah. Maganar karnuka kuwa, wallahi shi ya sa na sa attaruhu a layin gaba, alayyahu a can ciki. Abin da ya fi damuna maƙwabcinmu na dama, kamfani ke zuwa yi masa feshin maganin ciyawa. Ranar da aka yi da iska, washegari ganyen yalona na gefensa duk ya murɗe.

Malam Nasiru (Kano):
Anti Nas, mu nan ma ai da wannan a ƙasa. Latas da alayyahun da ake nomawa a bakin Jakara da rafukan da ke kwaso ruwan masana'antun Bompai da Sharada, wa ke gwadawa? Wannan kaɗai ya isa mutum ya shuka nasa.

Issoufou (Montreal):
Salamu alaikum, ɗan Maraɗi ne. Mu garka muke ce wa lambu. Nan Kebek an yi irin wannan a garin Drummondville a 2012, wasu mata da miji suka mai da gaban gidansu garka, hukuma ta ce su cire mafi yawanta. Abin da ya cece su, garkar ta yi kyau ƙwarai, hotonta ya zagaya duniya, mutane dubbai suka sa hannu, daga baya garin ya canza dokar. Ni abin da na lura, maƙwabci ba kuɓewa yake ƙi ba. Abin da yake tsoro watan Nuwamba, lokacin da komai ya bushe, karare a tsaye, bokiti a kife, tiyo a yashe. Ciyawa ko ta mutu a kwance take mutuwa. In za ki kai musu zane, ki nuna musu yadda wurin zai kasance da sanyi, ba da damina kaɗai ba.

Kuma kin yi sa'a da yakuwa. Furenta da jan karanta, wanda bai sani ba zai ɗauka fulawar ado ce, kuɓewa ma danginsu ɗaya, furenta rawaya mai jan ciki. Ki sa su a gaba da wasu furanni a gefe. Ke a Houston har zoɓo za ki samu, don sai rana ta fara gajarta take yin ƙwanso. Mu nan sanyi ke kashe ta kafin lokacin, ganyen kawai muke ci. Zogale kuwa a tukunya nake shigo da shi ɗaki duk shekara, yana raye ne kawai ba ya jin daɗi.

Baba Alhaji (Columbus):
Duk na ji ku. Amma ku lura, ita ta Florida shekara shida ta yi tana shari'a a kan gaban gidanta. Wa ke da wannan lokacin? Sannan akwai abin da ba wanda ya faɗa. Mu a tarbiyyarmu ƙofar gida ta maza ce, dakali da zaure. Aikin mace a cikin gida yake, bayan katanga. Nan ba katanga a gaba, ba a ma yarda ka yi ba. Matar aure tana duƙe tana cira, duk mai wucewa yana kallo, ni dai bai kwanta min ba.

Hajiya Turai (Abuja):
Baba, a ƙauyukanmu wa ke tsinkar kuɓewa da roron wake? A sutura take, a ƙofar gidan mijinta take.

Maman Khalil (Houston):
Baba, na gode, kuma na san don kare mu kake faɗa. Amma tunda muka tare a unguwar nan, gaisuwa daga cikin mota ce kawai tsakaninmu da mutane. Sai da na fara fitowa ban ruwa na san sunan matar da gidanta ke kallon namu. Wata tsohuwa baƙar fata 'yar Luwiziyana ta tsaya ta ce rabonta da ganin kuɓewa a tsaye tun gonar mahaifinta, na cika mata leda. Wata 'yar Indiya ta gane yakuwa tun daga nesa, su ma miya suke yi da ita, har ta roƙi iri. Cirar kuma Baban Khalil ke yi da yara ranar Asabar, lokacin da dā yake tura injin yankan ciyawa.

Injiniya Bashir (Las Vegas):
Waɗannan matan biyu sun fi duk alƙaluman da na kawo amfani. Su rubuta miki 'yar takarda cewa ba su da ƙorafi. Kwamitin HOA maƙwabta ne 'yan sa-kai, yawanci mutum ɗaya ne ya kai ƙara, in suka ga huɗu sun ce ba komai, lissafinsu zai canza. Kuma don masu sha'awar farawa: kafin ku haƙa komai a gaban gida ku kira 811, kyauta ne, za a zo a yi muku alamar inda bututun gas da wayoyi suka bi. Sau da yawa ta gaban gida suke shigowa.

Maganar riba kuma, Baba ya yi gaskiya a kan kuɓewar shago. In aka haɗa katako, ƙasa, taki da tiyo, shekarar farko ba a mayar da kuɗi. Albasa da dankali ɓata wuri ne, sun fi arha a kasuwa. Abin da ke biya shi ne wanda kuɗinka ba zai saya maka ɗanye ba a nan: yakuwa, rama, lalo, yalo.

Ummi Bronx:
Wanda zai je gida ya taho mana da irin rama don Allah.

Anti Nas (Chicago):
Ummi, a kula. Iri ba a shigo da shi a ɓoye cikin kaya, dole a bayyana a filin jirgi, in ba takardar izini za su karɓe, in an ɓoye kuma tara ce. Ana samun irin rama da yakuwa da lalo a wurin masu sayar da iri na cikin ƙasar, ta intanet.

Maman Khalil (Houston):
Barista, na samo kundin a cikin akwatin takardu. Kamar yadda kika ce, ba inda aka ambaci kayan lambu. Abu biyu ne: duk canjin da za a gani daga titi sai kwamiti ya amince a rubuce, sannan gaban gida ya kasance a gyare a kowane lokaci. Akwai kuma wani layi da ya ce mafi yawan filin gaba ya zama ciyawa ko shuke-shuken ado. Abin da muka cire bai kai rabi ba. Mun yanke shawara za mu nemi zama, mu kai zane, mu yarda mu cire akwati ɗaya da ya fi kusa da titi mu sa furanni a wurin. Da sanyi kuma zan sa latas, kabeji da karas, tunda nan suna yi.

Baba Alhaji (Columbus):
Ni dai ra'ayina bai canza ba. Amma tunda za ku je, Baban Khalil ya yi magana da shugaban kwamitin shi kaɗai kafin ranar zaman. Mutum ba ya son a kayar da shi a gaban jama'a.

Barista Hauwa (Orlando):
Wannan shawarar Baba ku ɗauke ta. Amma takardar neman zaman ta fita gobe, ta gidan waya da rasit, ku ajiye kwafi. Kwana 30 ɗin daga ranar da suka aiko ake ƙirgawa, ba ranar da kika buɗe ba. Ki auna filin da tef ki rubuta adadin a jikin zanen, don layin nan na “mafi yawa” a kansa za a yi gardamar. Ki ɗauki hoton wurin yanzu da yake kore.